Faɗakarwa Ga Matafiyi A Kan Mizanin Tsoro Da Kasada

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rabon arziki ga mazauni da matafiyi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija, ya komo da amana cikakkiya, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kai almajiri ne mai neman sani, ko falke mai neman halali, ka sani kowane mutum yana ɗauke da mizani a ƙirjinsa wanda yake auna tsoro da shi. Da shi yake cewa wannan abu zan yi, wancan ba zan kusance shi ba. A gida aka ƙera masa mizanin, da maganar iyaye da abin da ido ya saba gani. Idan ya ƙetare iyakar ƙasarsa sai mizanin ya motsa. Mas'alar da muke so mu warware ita ce: motsin nan gyara ne ko ɓarna? Wanda ya komo daga ƙasashe ba ya tsoron abin da yake tsoro a da, zuciya ya ƙaro ko ma'auninsa ne ya lalace? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin a kan amsarta ake sayar da gona, ake bar wa mata marayu.

Fasali na farko: makantar baƙo da makantar ɗan gari

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Gaskiya ne, amma akwai makanta ta biyu da ba a cika ambata ba, ita ce ta ɗan gari. Baƙo ba ya ganin hatsarin da bai sani ba. Ɗan gari kuwa ba ya ganin hatsarin da ya saba da shi, shi ya sa aka ce sabo turken wawa.

Dubi halin mutum ranar da ya sauka baƙuwar ƙasa. Yana tsoron abincinsu, yana tsoron harshensu, ɗan sanda in ya dube shi sai gabansa ya faɗi. Mafi yawan wannan tsoro ba a muhallinsa yake ba. Abin da zai cuce shi sau da yawa yana zuwa da fuskar da ya sani: wani mai jin Hausa ya tare shi a tasha da fara'a, ya kira shi ɗan'uwa, ya ce kawo fasfonka in adana maka, ko ya ce riƙe mini wannan ƙunshi ka kai wa wane. Baƙo ya tsorata da baƙon abu, ya saki jiki da sananne, alhali an sha kama matafiya a filin jirgi da kayan da ba su san cikinsa ba, kuma a ƙasar Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yakan kai ga kisa.

Amma ga alherin tafiya. Wanda ya zauna inda ba a barin jirgin ruwa ya tashi sai an ƙidaya mutane, idan ya komo ya ga kwalekwale a Kwara an cika shi da mutane da buhuna da dare, sai idonsa ya ga abin da na mazauna ya daina gani. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙasar Jigawa, jama'a suka taru ɗibar man da ke kwarara, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Da yawa daga cikinsu da an ce su hau jirgin sama zuwa wata ƙasa, da sun yi ta addu'a don fargaba. Fetur kuwa kullum suna ganinsa a galan a bakin titi, sabo ya cire musu tsoronsa. To, wannan shi ne ma'anar tafiya mabuɗin ilimi: takan mayar da mutum baƙo a garinsu, ya sake auna abin da ya gada ba tare da aunawa ba.

Fasali na biyu: ruɗin wanda ya tsira

Ka sani, Allah ya datar da kai, bayan tsoron farko akwai wani hali da ya fi shi hatsari. Matafiyi ya ƙetare sau ɗaya lafiya, ya ƙetare na biyu, sai zuciyarsa ta fara raya masa cewa hanyar ba ta da komai. Ya ɗauki tsirarsa hujja. Alhali tsira sau biyu ba ta tabbatar da amincin hanya, kamar yadda kwana biyu a gindin ruɓaɓɓen bango ba ya tabbatar da ƙarfin bangon.

Ruɗin nan ba ya tsayawa a kansa, yakan bi shi gida. Wa ke ba da labarin tafiya a dandali? Wanda ya dawo. Shi ake gani da sabuwar riga da babur, shi ya rufe ɗakin uwarsa da kwano. Wanda ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku ba ya zuwa ya ba da nasa labarin. Wanda ya dawo hannu rabbana yakan shigo gari da dare, ya yi shiru don kunya. Saboda haka samarin gari suna jin shaidar ɓangare ɗaya kawai. Alƙalin da ya yanke hukunci da jin mai ƙara shi kaɗai, me za ka kira shi? Haka yake ga wanda ya yanke shawarar tafiya da labarin waɗanda suka ci riba su kaɗai.

Ibnu Baɗuɗa, matafiyin nan na Magrib, ya ƙetare Sahara a shekarar 1352 daga Sijilmasa ta Tagaza zuwa Walata. Ya ba da labari cewa da farko shi da abokansa sukan wuce gaban ayari su nemi makiyaya su jira. Sai wani daga cikin ayarin ya yi faɗa da ɗan'uwansa, ya ja baya, ya ɓace, ba a sake ganinsa ba. Tun daga ranar Ibnu Baɗuɗa bai ƙara wuce ayari ba, bai kuma ƙara zama a bayansa ba. Ka lura, mutumin da ya riga ya ga Hindu da Sin, yawan tafiya bai sa ya raina hamada ba. Gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Wannan shi ne matafiyin da tafiya ta gyara wa mizani.

Fasali na uku: kunya mai tsarewa da kunya mai halakarwa

A gida mutum yana kewaye da idanu: na mahaifi, na malami, na surukai, na abokan ciniki. Idanun nan katanga ce, ko da bai sani ba. A baƙuwar ƙasa katangar ta faɗi. Ba wanda ya san ɗan wane ne. Sai ka ga wanda a garinsu ba ya ko tsayawa kusa da masu karta, a can ya zauna an raba da shi. Ka ga wanda bai taɓa ha'inci a mudu ba, a can ya yarda a rubuta masa takardar kwastan ta ƙarya, yana cewa haka ake yi a nan. A nan ne tafiya ke bayyana ko tsoron Allah ke riƙe da mutum ko tsoron mutane. Magabata sukan ce ba ka san mutum ba sai ka yi tafiya da shi, ko kun yi hulɗar kuɗi.

Abin mamaki, kunyar da ta sake shi ta wannan gefe ita ke shaƙe shi ta wancan. Ya sayar da gonar gado ya yi guzuri, an raka shi tasha, an yi masa addu'a. Ya isa ya tarar ba yadda aka faɗa masa ba ne. Hankali ya ce koma. Kunya ta ce da wane ido za ka dubi mutane? Sai ya ƙara gaba, daga Sabha zuwa Tarabulus, daga Tarabulus zuwa bakin teku, kowane zango ya fi na baya hatsari, kuma a kowanne hujjarsa ɗaya ce: na riga na kashe da yawa. Ka sani wannan hujja ɓatacciya ce. Abin da ya tafi ya tafi, ko ka ci gaba ko ka koma. Abin da ake aunawa shi ne abin da ya rage a hannu, mafi tsadarsa kuwa rai. Falken kirki idan ya buɗe huhu ya tarar sankara ta kama goro, yakan tsince ruɓaɓɓen ya zubar don ya tsirar da sauran. Ba ya cewa tun da na biya kuɗinsa sai na kai shi Kano.

Fasali na huɗu: hatsarin da ba ya da ƙara

Mazauni ya san hatsari mai ƙara: ɗan fashi, ambaliya, gobara. Tafiya takan koyar da wani iri wanda ba a jin motsinsa sai ya iso, shi ne na takarda da na canjin kuɗi.

Hausawa sun zauna a zangunan ƙasar Gana tun zamanin fataucin goro, suka hayayyafa, suka gina gidaje. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba ya da takardar zama ya fita cikin kwana 14. Mutane suka sayar da abin da suka tara shekara da shekaru a kan kuɗi ƙalilan, wasu suka bari suka tafi. A watan Janairu na 1983 Nijeriya ta yi irin wannan ga baƙin da ke cikinta, mafi yawansu mutanen Gana. Ba wanda ya fasa musu shago. Alƙalami ne ya motsa a ofishin da ba su taɓa shiga ba.

Haka canji. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a rana ɗaya. Wanda ya ɗauki kaya bashi da kuɗin waje ya kwana da bashi ɗaya ya tashi da biyu. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin shekara ta zagayo dala ɗaya ta haura naira 1,000 nesa. Ɗan kasuwar da ke saro kaya a Dubai ko Gwanzu ta ƙasar Sin, wanda ya sayar bashi da naira alhali zai biya da dala, ya ga ribarsa ta narke yana zaune. Matafiyin da ya ɗanɗani wannan yakan komo da sani mai amfani: ba ya tara dukiyarsa duka a ƙasar da zamansa a cikinta ya rataya ga yardar hukuma, ba ya wasa da ranar ƙarewar biza, ba ya cin bashi da kuɗin da ba da shi yake sayarwa ba sai ya bar wa canji gurbi.

Fasali na biyar: idan ka ce, sai mu ce

Idan ka ce: ya malam, wannan magana ta matsorata ce. Da kakanninmu sun auna haka, da ba su je Gwanja ba, da ba su taka zuwa Makka da ƙafa ba. Mai nema yana tare da samu, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa.

Sai mu ce: ka faɗi gaskiya a kan ajali, amma ka jahilci kakanninka. Fataken goro ba su tafi da ka ba. Sukan jira damina ta wuce. Sukan taru ayari, su naɗa madugu wanda ya san hanya da sarakunanta, da jagaba mai wucewa gaba ya duba zango, da uban dawaki mai tara kuɗin fito da garama, da malamin da ke rubutu da lissafi. A Salaga kowane falke yana da maigidan da ke saukar da shi, ya adana kayansa, ya tsaya masa a ciniki. Duk waɗannan dabaru ne na rage kasada da raba nauyinta. Da yaƙin basasa ya rushe kasuwar Salaga a 1892, ba su nace ba, suka watsu zuwa Karaci da Kintamfo da Kumasi da Ankara. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Wannan kasada ce a idon mutanen zamaninsa, amma kasadar wanda ya san goro, ya san kwana nawa yake jurewa cikin ganyen fita, ya ga teku ta fi jaki sauri.

Shari'a ma ta auna. Ta rangwanta wa matafiyin mil 48 ya yi ƙasaru, ya sha azumi ya rama, domin ta san tafiya wahala ce. Ta sanya iko sharaɗin wajabcin Hajji, kuma amincin hanya ga rai da dukiya yana cikin iko. Ibnu Rushdi kaka, alƙalin Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1126, ya yi fatawa cewa wajabcin Hajji ya saraya ga mutanen Andalus na zamaninsa saboda rashin amincin hanya. Idan rukunin addini yana jiran amincin hanya, ina ga neman kuɗi? A Hajjin 2024 zafi ya tsananta, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba ne, suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Niyyarsu kyakkyawa ce, Allah ya karɓa, amma kyawun niyya bai zama inuwa ba.

Tawakkali aikin zuciya ne bayan gaɓoɓi sun gama nasu. Sananne ne Manzon Allah ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Wanda ya bar igiya a hannu ya ce ya dogara, ganganci ya yi, ya sa masa rigar ibada.

Fasali na shida: kasada da dukiyar wani

Ga wata mas'ala da tafiya ke mantar da mutane. Idan ka yi nisa da gida sai ka ji kamar kai kaɗai ne, abin da ka yi kanka ka yi wa. Ba haka ba ne. Jarin da ke ƙugunka, nawa ne naka a ciki? Akwai na maigidanka, akwai adashin matarka, akwai kuɗin marainiyar da aka ce ka juya mata.

Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin ƙiradi cewa wanda aka ba jari ya yi fatauci amintacce ne. Idan dukiya ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma idan ya ƙetare sharaɗin mai dukiya, kamar a ce masa kada ka bi hanya kaza ya bi, to lamuni ya hau kansa. Ka ga hikima: ba a hana kasada ba, domin ba ciniki sai da ita, amma an hana ka ɗora wa wani kasadar da bai yarda da ita ba. Auna ranka da wannan ma'auni. Rai amana ce a hannunka, kuma iyaye da mata da 'ya'ya suna da haƙƙi a cikinsa. Jarumtar da za ka yi a Sahara, idan ta ɓaci, wa zai biya? Tsohuwar da ke jiran sallamarka ce.

Fasali na bakwai: uzurin wanda gida ya kora

Adalci ya wajabta mu faɗi wannan. Ba kowane mai shiga hatsari ne ruɗaɗɗe ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance na ƙasar Damagaram. Kada mai ƙoshi ya zauna a inuwa ya kira su wawaye. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka, zamansa ma kasada ne. Ya auna yunwar da ya tabbatar da mutuwar da yake zato, ya zaɓi zato.

Nauyin irin wannan yana kan wasu. Yana kan mawadacin da ya riƙe zakka. Yana kan direban da ya karɓi kuɗi ya fita da mota marar lafiya da ruwa kaɗan. Yana kan mahukunta, domin bayan dokar Nijar ta 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, direbobi suka riƙa kauce wa sanannun rijiyoyi don gudun kamu, hanya ta ƙara muni, har aka soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Yana kuma kan wanda ya je ya dawo ya ɓoye abin da ya gani. Ya kai wanda Allah ya mayar da kai gida lafiya, ka sani labarinka shaida ce. Idan ka faɗi riba ka ɓoye gawarwakin da ka tsallake, yaro ya tafi saboda maganarka, kana da kaso a abin da ya same shi.

Kammalawa

To, mu koma ga tambayarmu. Tafiya tana gyara mizani ko tana ɓata shi? Jawabi shi ne, tafiya tana cire tsoro, amma ba ta zaɓar wanda take cirewa. Takan cire tsoron banza, irin na kifin rijiya mai zaton duniya ta ƙare a bakin ganuwar garinsu, wannan kuwa alheri ne babba. Takan kuma cire tsoro mai amfani wanda Allah ya sanya ya zama mai gadin rai. Rarrabe su aikin hankali ne, ba ya samuwa da yawan hatimi a fasfo. Alamar wanda tafiya ta gyara ita ce, tambayarsa ta ƙaru, cika bakinsa ya ragu.

Saboda haka kafin ka ɗaura kaya, ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka. Daga bakin wa na ji labarin hanyar nan, kuma me zai samu idan na tafi? Na nemi wanda ya je bai ci riba ba na ji nasa? Idan abin ya ɓaci, asarar mai mayuwa ce kamar ta kuɗi, ko marar mayuwa kamar ta rai da mutunci? Waɗanda asarar za ta faɗa wa sun sani, sun yarda? Na ware kuɗin komowa dabam, inda ba zan taɓa shi ba? Abin da zan yi a can, zan iya yinsa a gaban mahaifina? Idan ka sami amsa mai sanyaya zuciya, ka yi istihara, ka rubuta abin da ake binka da abin da kake bi, ka bar wa iyali abinci, ka nemi albarkar iyaye, ka tafi da ƙarfin zuciya, domin ƙasar Allah mai faɗi ce kuma da fatauci aka gina garuruwanmu. Idan kuwa amsar ta gagara, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya kiyaye matafiyanmu a tudu da ruwa da sama, ya jiƙan waɗanda hanya ta riƙe, ya mayar da na nesa ga iyalansu da halali. Allah ne mafi sani. Ya gafarta wa wanda ya karanta, da wanda ya kwafa, da wanda ya ji ya isar. Tammat bi hamdillahi.